Kwalabe Shida Daga Kwatar Kawu

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na biyu, ina ganin duk faɗin Yauri babu wanda ya kama ƙafata a sani, na yi wani abu da har yau in na tuna shi abinci yake fita raina. Na daɗe ina son ba ku labarin, amma akwai wadda ba na so ta ji. Bara ta riga mu gidan gaskiya, don haka babu sauran dalilin yin shiru.

Bari in fara da aikin da nake yi a lokacin. A jikin mace akwai wani sinadari da ake kira istirojin, shi ke tafiyar da al'amuran balaga da al'ada da haihuwa. Maza ma suna da shi, amma kaɗan. Ba ya aiki sai ya sami makarɓinsa a cikin ƙwayoyin jiki, kamar mabuɗi da kwaɗo: ya shiga, ya murɗa, ƙofa ta buɗe. Matsalar ita ce a wasu robobi da magungunan feshi da wasu sabulan wanki akwai sinadarai da suka yi kama da mabuɗin nan, har kwaɗon yakan ruɗe ya buɗe musu. In suka yi yawa a ruwa, namijin kifi yakan fara haɗa abin da mace ke haɗawa na ƙwai. Aikina shi ne in ɗebo ruwa daga bakin tafkin Kainji in duba ko akwai irinsu a namu.

Yadda muke dubawa a ɗakin gwaji ba shi da wuyar ganewa. Muna da yis, dangin wanda ake sa wa burodi, amma an dasa masa makarɓin istirojin irin na mutum. Za a tace ruwan, a tattaro abin da ke cikinsa, a ɗiga a wani faranti mai ƙananan ramuka, a zuba yis ɗin tare da wani ruwa rawaya, sai a jira kwana uku. In babu komai, rawayan zai zauna yadda yake. In akwai mai kwaikwayon istirojin, ramin sai ya koma ja.

Malamar da ke duba aikina mace ce mai tsanani, ba ta dariya sai da dalili. Dokokinta biyu ne. Ta farko, kwalaben ɗibar ruwa na gilashi ne, a ɗauraye su da sinadarin gwaji, a gasa su a tanda, a rufe bakinsu da takardar alminiyon kafin a sa murfi. Sabulu kada ya taɓa su, roba kada ta taɓa su. Ta biyu ita ce abin da muke kira kwalbar shaida. Za ka tafi da kwalba ɗaya ta daban, da wani tulun gilashi cike da tsabtataccen ruwan ɗakin gwaji. A bakin tafki ka cika kwalbar da ruwan tulun, ta dawo tare da 'yan uwanta. In ita ma ta yi ja, to kayanka ne suka gurɓace, ba tafki ba.

"Duk wanda ya je ɗibar ruwa babu kwalbar shaida," in ji ta, "yawo ya je."

Na ɗebo a Yelwa, na ɗebo ta wajen Shanga, kullum da tuluna a kafaɗa. Duk rawaya. Wata da watanni ina aiki babu abin da zan ɗaga in nuna, har na fara jin haushin tafkin da ya ƙi gurɓacewa. Ku ji fa tunanin ɗan boko, ruwan da danginsa ke sha ya fito lafiya amma shi ransa a ɓace.

Wuri na uku da ya rage shi ne ƙauyen kawuna, a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, na riga na jawo wa sunan abin da ya ishe shi. Kawu yayan mahaifiyata ne, masunci tun tasowarsa. Ba shi da sarauta, amma in an yi rikicin koma ko na wurin kamun kifi, ƙofar gidansa ake zuwa, kuma in ya yi magana ta zauna. A wurinsa nake hutun makaranta ina yaro, shi ya koya mini iyo. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin ɗansu da ke jami'a.

Ranar da zan taso, na ɗaga tulun nan na ji nauyinsa, na tuna cunkoson mota da hawa babur. Na ce a raina, sau biyu ina jigilarka ba ka ce komai ba. Na mayar da shi kan tebur tare da kwalbar shaidar, na ɗauki kwali mai kwalabe shida na kama hanya. Da na iso gida Yelwa na ajiye kwalin a ɗakin Inna, mahaifiyata, na fita gaishe-gaishe, ban dawo ba sai la'asar. Washegari da zan wuce na ga takardun bakin kwalaben sun ɗan yamutse, na ce ai hanya ce.

Mutanen ƙauyen ba su yi murna da ganina da kwalabe ba. Tsofaffinsu ba su manta ba, tashin da aka yi wa garuruwansu lokacin gina madatsar ruwa da baƙi masu awo ya fara. Aka taru a kwata, bakin ruwan da jirage ke tsayawa, ana kallona. Wani dattijo mai farin gemu ya nuna kwalin da sandarsa.

"Mi za a yi da ruwanmu cikin kwalba? Wa yat turo shi?"

Kawu ya miƙe. "Ba wanda yat turo shi. Ɗan ƙanwata na, nan ga kwatag ga yak koyi iyo. Karatu shika yi. In wani abu ya biyo bayan kwalaben ga, ni za ku kamawa. Ni nit tsaya mai."

Shi ke nan aka watse. Maganar Kawu ce, ba a ƙara komai a kanta.

Da muka shiga jirgi zai tada inji, na ce masa man inji zai iya ɓata mini ruwan. Bai yi musu ba. Ya ɗauki filafili, dattijo mai furfura, ya tuƙa ni da hannunsa har wurare shidan da na nuna, rana tana dukanmu, yana tambayata sunayen abubuwan da nake nema yana maimaitawa yana dariya. Ni kuwa ina zaune a gaban jirgi da safar hannu kamar wani babban bature.

Na kwana Yelwa, na shiga mota, kwalin yana but ɗin motar cikin zafi wuni guda. Da na buɗe shi a ɗakin gwaji sai na tarar ƙarƙashin kowane murfi an shimfiɗa farar leda, an ɗaure wuyan da zare. Aikin Inna ne. Kwalba ba ta fita gidanmu, ta man gyaɗa ce ko ta zuma, sai ta sa mata leda a baki don kada ta zube. Na yi dariya, na ce Allah sarki Inna, na cire ledojin na jefa kwandon shara. Na san dokar roba sarai. Na dai ce 'yar ledar nan me za ta yi, kuma ban gaya wa kowa ba.

Kwana uku bayan nan na buɗe akwatin ɗumi na ciro farantin. Layi shida, duk ja jawur. Saura kaɗan in yi ihu. Na ruga ofishin malamata da farantin a hannu, ina jin kamar na ƙirƙiro wutar lantarki. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Ina kwalbar shaida?"

Na ce na manta ta.

"To ba ka da sakamako. Ka koma ka sake ɗiba. Kafin nan kada ka buɗe baki da kowa, ka ji ko?"

Na ce na ji. A raina kuwa cewa na yi matar nan baƙin ciki take yi, ɗalibi ya gano abin da ita ba ta gano ba.

Sai ga hutun Sallah, na dawo gida. Da yamma muna zaune a majalisarmu ta bakin mai shayi, wani abokina da muka taso tare, wanda bai da aiki sai tsokanata, ya ce, "Malam masani, shekara nawa kana wankin kwalba, wai mi kag gano? Ko dai zaman banza kaka yi can?" Aka kwashe da dariya. Kaina ya yi zafi. Na ciro waya na nuna musu hoton farantin, na ce wannan jan da kuke gani ruwan kwatar su Kawu ne, akwai abin da ke cikinsa da ke sa namijin kifi ya fara zama kamar mace.

Wani ya ce, "To wanda yac ci kihin hwa?"

Amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Ban gwada kifi ko ɗaya ba, balle mutum. Amma idanu sun dawo kaina, kuma abin ya yi mini daɗi. Sai na ɗaga kafaɗa na ce, "To, shi ma kifin ai namiji ne kafin ya sha." Aka yi ta dariya har da masu buga ƙafa. Abokina ya ce in tura masa hoton, na tura.

Mako bai zagayo ba saƙon murya ya fara yawo a wayoyi. Muryar wani mutum ce da ban taɓa ji ba, yana rantsuwa cewa wani babban likita ɗan Yauri ya gano kifin ƙauye kaza yana kashe mazakuta, duk mai son zuriyarsa ya kiyaye. Ga hoton farantina a ƙasa. Ni da ko digirin ban gama ba na zama babban likita. Saƙon ya iso wayata ta zauren danginmu, wata gwaggona ce ta turo, ta ƙara da cewa a yaɗa saboda Allah.

Ranar kasuwar Yelwa 'yan kasuwa suka fara tambayar kowane kwando daga ina ya fito. Na ƙauyen Kawu aka riƙa mayar da su. Ɗanyen kifi ya ruɓe a kwata. Matan da ke bandar kifi suka koma bi da kayansu ta wani ƙauye suna ƙaryar daga can suke. Mazan ƙauyen kuwa in sun shigo kasuwa sai a riƙa kiransu amare, kuma kun san a wurin masunci gara ka mare shi da ka gaya masa haka.

Suka taru suka je ƙofar Kawu, inda suka saba zuwa neman sulhu. Dattijon nan mai sanda ya ce masa, "Kai kac ce mu kama ka." Kawu bai kare kansa ba. Daga ranar aka daina kawo masa ƙara, aka daina zama a tabarmarsa, in ya yi sallama a masallaci sai a amsa a ciki-ciki. Wata safiya ya tarar an yayyanka masa koma. Kafin ruwa ya cika a shekarar, ya loda iyalinsa da kayansa a jirgi ya gangara can ƙasan tafki, wani wurin da ba wanda ya san ubansa.

Duk wannan ina ji daga nesa. Ban je ba. Na ɓuya a ɗakin gwaji ina gaya wa kaina ai gaskiya na faɗa, mutane ne suka juya ta.

Da na koma sake ɗiba ban iya shiga ƙauyen ba. Jirgi na ɗauka daga Wara, na je wuraren nan shida ta cikin ruwa, da tuluna da kwalbar shaidata, kuma ban biya ta gida ba. Kwana uku na buɗe faranti: rawaya. Na sake komawa, na sake gwadawa. Rawaya. Na tuna ledar Inna, amma na kasa yarda ita kaɗai za ta yi jan nan.

Amsar a tsakar gidanmu na same ta. Na zo da wani kwalin zan wuce Shanga, Inna tana wanke-wanke, ta hango shi ta miƙo hannu.

"Kawo su in wanke ma, kamar na waccan tahiya."

Na ce, "Wace tafiya, Inna?"

"Wadda kat tai wurin kawunka mana. Kwalaben ga warin asibiti suka yi. Nic ce ɗana ba ya zuwa gidan kawunai da kaya masu wari, a ce uwatai ƙazama ta. Nij jiƙa su da garin sabulu, niw wanke su tas, nim maida musu takardassu yadda nit tarar. Ko ba ka ga ƙyallin da suka yi ba?"

Tana faɗa tana murmushi, irin murmushin uwar da ta yi wa ɗanta abin kirki a ɓoye. Na ce mata waɗannan an riga an wanke, na shige ɗaki na zauna a bakin gado.

Na ɗebi garin sabulunta da ledarta na koma da su. Na wanke sabuwar kwalba yadda ta kwatanta, na cika da tsabtataccen ruwa, na ɗaure da ledar, na bar ta wuni a but ɗin mota. Ta yi ja, irin jan nan sak. Malamata ta duba, ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi da kwalbar shaida tana cikin kwalin, da ita ma an wanke ta, da tun ranar farko mun gane.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa wurin Kawu. Na same shi da hantsi a gindin wata bishiya yana ɗinkin koma, shi kaɗai, mutumin da ban taɓa ganin tabarmarsa babu baƙi ba. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na zayyana masa komai, tun daga tulun da na bari har sabulun Inna. Ya ci gaba da ɗinkinsa har na gama.

"Ke nan ruwanmu lahiya lau shike."

Na ce iyakar abin da na gwada, lafiya lau yake.

"To alhamdu lillahi."

Na ce zan je ƙauyen in tara mutane in gaya musu yadda aka yi, cewa wanki ne aka yi wa kwalaben a gida bisa rashin sani. A nan ya ajiye allurar ya dube ni, karo na farko.

"Uwakka ta san wanga zance?"

Na ce a'a.

"To ba ta jin shi har ta koma ga Allah. Ni anka kora, kuma na iya ɗauka. Ita in taj ji hannunta na yat tashe ni daga garin ubanmu, ba ta ƙara kwana lahiya. Ka ce musu kuskurenka na." Ya sake ɗaukar allurar. "Ai kuwa naka na. Ita wanki tay yi. Kai kay yi magana."

Na roƙe shi gafara ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce ya yafe. Na ce to in na wanke sunansa zai koma gida? Ya girgiza kai.

"Da hannuna nit tuƙa ka. Da wane ido zan dube su?"

Na je ƙauyen. Bayan sallar Juma'a na miƙe na ce kuskurena ne, kwalabena ne ba su da tsabta, ruwansu ba shi da komai, Kawu bai san komai ba. Dattijon mai sanda ya ce, "Mun ji," ya sa takalmansa ya tafi. Na yi nawa saƙon muryar, na yi bayani dalla-dalla, na roƙi a yaɗa. Abokin nan nawa ya ce ya yi tsawo, mutane ba za su saurara ba. Gaskiyarsa. Ko gwaggona ba ta tura shi ba.

Da tafiya ta yi tafiya aka koma sayen kifin ƙauyen, don mutane sun sami wani abin tsoron sun manta da wannan. Sunan tsokanar dai bai bar su ba har yau. Kawu bai koma ba. A can ya rasu, aka binne shi cikin mutanen da suka san shi da wani tsoho mai ɗinkin koma kawai.

Ni kuwa na gama digirina lafiya. A kundin har da babi guda a kan yadda sabulu da roba ke gurɓata kwalaben gwaji, kuma shi masu jarrabawa suka fi yabawa. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya ga alamar ɗalibi mai taka-tsantsan. Na ce na gode.

Yanzu ni ke duba aikin ɗalibai, kuma na san suna cewa na cika tsanani. In ɗalibi ya zo mini da faranti yana rawar jiki, ba na kallon jan, kwalbar shaida nake tambaya. Amma in gaya muku gaskiya, ba tulun da na bari ne ke cina ba. Wannan kuskuren ɗakin gwaji ne, da a ɗakin gwaji zai mutu. Abin da ke cina shi ne an tambaye ni abin da ban sani ba, a gaban mai shayi, na ji kunyar cewa ban sani ba. Kalma uku. Kawu ya ba da sunansa jingina saboda ni, na kashe shi don a yi mini dariya ta minti ɗaya. Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe, amma ni ban taɓa jin an sauke mini ba.

Inna ta rayu shekaru bayansa. Kullum in an ambaci ƙauyen sai ta ce butulu ne, kuma Allah ya isa tsakaninta da mai muryar nan da ya yi wa ɗanta ƙarya ya raba yayanta da gida. Ina zaune ina ji, ba na cewa komai. In zan koma aiki ta ba ni zuma, da ledarta a baki, ta ce don kada ta zube mini a hanya.

A ciwonta na ƙarshe, wata rana da azahar ina yi mata fifita, ta buɗe ido ta dube ni.

"Tsakaninka da Allah, wai mi anka gani cikin ruwan su kawunka?"

Na ce, "Ba komai, Inna. Ruwan tsabtatacce ne."

Ta lumshe ido, hankalinta kwance.

"Ai na sani," in ji ta. "Kwalaben ma ni niw wanke su."